Yarinyar Hoto na Ashirin da Uku

Hoto arba'in ne cif a cikin kwalin da Rinai ta sauko da shi daga ƙaramin jirgin sama, ta ɗaure a bayan babur, ta sha taɓo har ƙauyensu, Pa Lubun. Wani Bature ne ya ɗauke su shekara saba'in da suka wuce. Ya kwana huɗu a dogon gidan da duk mutanen ƙauyen ke zaune a ciki, ya ci shinkafarsu, aka raka shi har bakin kogi da guzuri, ya tafi bai sake waiwayowa ba. Tun daga lokacin hotunan suke kwance a wani gidan adana kayan tarihi can ƙasarsu. Yanzu masu gidan tarihin sun tashi buga littafi, shi ne suka aiko da kwafi da wata takardar cikewa: lambar hoto a hagu, layi ɗaya a dama, a rubuta suna. Wasiƙarsu ta ce duk sunan da bai isa gare su ba zuwa Litinin mai zuwa, za a buga hoton da bayanin da Baturen ya bari.

Bayanin da ya bari a bayan hoto na ashirin da uku shi ne: "Tsoho da yarinya, mutanen kan tudu." Iyakarsa ke nan. Mutumin nan ya rubuta tsawon dutsen da ke bayansu. Ya rubuta sunan tsuntsun da aka ciri gashin da ke hular tsohon. Amma mutanen da suka shimfiɗa masa tabarma, bai ga dalilin tambayar sunansu ba.

Kuma wannan hoton ne za a sa a bangon littafin.

Rinai ta san shi tun kafin kwalin ya zo. Tana ɗaliba ta fara ganinsa a wani otal a birnin Miri, an faɗaɗa shi ya kai girman ƙyaure, an rataye a saman kujerun baƙi. Tsoho a zaune, nauyin 'yan kunne ya ja kunnuwansa har kafaɗa. A cinyarsa yarinya da ba ta wuce shekara biyar ba, sanye da hular duwatsun ado irin ta manyan mata, ta yi mata yawa har ta rufe mata gira. Ta cije leɓe, kamar wadda aka hana dariya kuma dariyar na neman ƙwacewa. Rinai ta tambayi ma'aikaciyar otal ɗin ko wace ce. Matar ta waiga kamar ranar ta fara ganin hoton, ta ce, "Ai ado ne." Rinai ta fita ba ta sha shayin da ta saya ba.

Yanzu ita malamar tarihi ce a makarantar sakandare. Ta ɗauki hutun mako ɗaya, ta zo da abu ɗaya a ranta: yarinyar nan ba za ta hau bangon littafi babu suna ba.

Ta zo da tsari kuma, irin wanda aka koya mata a jami'a. Za ta ga kowane tsoho shi kaɗai, don kada wani ya sa wa wani magana a baki. Za ta ɗauki muryarsa a waya. Ba za ta rubuta suna a takardar ba sai mutum biyu sun faɗe shi iri ɗaya.

Mai gari, Tama Pasang, ta fara samu. Yana zaune a tawa, doguwar barandar da ta ratsa gaban ƙofofin gidan goma sha tara, ya baje injin yankan ciyawa gunduwa-gunduwa a kan buhu. Shi ne kuma shugaban kwamitin al'adu, kwamitin da ya shekara shida yana zama, abin da ya haifa riguna masu tambari da allon maraba guda ɗaya a bakin gada.

Ya saurare ta har ta kai aya, bai ɗago kai ba. "Ki bari sai Disamba mana, 'yata. Lokacin kowa ya dawo hutu."

"Tama, Litinin suka ce."

"Su suka ce. Hotunan da suka yi shekara saba'in suna barci, wata huɗu ne zai kashe su?"

"Su ba zai kashe su ba. Tepu Galih fa? Shekararsa tamanin da shida. Bara tsofaffi uku kuka binne a gidan nan. Wa ya zauna ya tambaye su wani abu kafin su tafi?"

Ya hura wani ɗan ƙarfe, ya duba shi a haske. "Kin iso da zafinki, kamar uwarki. Je ki gwada."

Ta tafi ta gwada. Tepu Galih ta samu a bayan gida yana saƙar kwandon kamun kifi. Tepu kuwa kira ne da ake yi wa duk tsoho ko tsohuwa. Kunnensa ya yi nauyi, bakinsa kuwa bai san tsufa ba.

"A'a, 'yar birni! Kin zo auna mu ne, ko kin zo shan abarba?"

Ta durƙusa, ta kunna waya, ta miƙa masa hoton. Ya nisanta shi, ya matso da shi, ya yi dariya har ta koma tari. "Balang Riwat! Mutumin nan ya taɓa kama ni a kan itacen lemonsa. Har yau in hadari ya haɗu kunnen nan yana tuna min."

"Ka tabbata, Tepu?"

"Ke, kunnenki aka murɗa ko nawa?"

"Yana da wani sunan bayan wannan?"

"Oho. Ni ina shekara sha bakwai na gangara bakin teku aikin mai. Da na dawo, ciyawa ta rufe kabarinsa."

"Yarinyar fa?"

Ya daɗe yana kallo. "Yara a lokacin ai kamarsu ɗaya, tumbi da majina. Mu samari ba ma kallonsu."

Tepu Maga, wadda aka auro daga wani dogon gida mai nisan tafiyar yini biyu, ko ɗar ba ta yi ba. "Pun Sakai ne. Shi ya tarbe ni a bakin tsani ranar da aka kawo ni. Yarinyar dai ban iske ta ba. Me ya sa kike wahalar da ƙafarki? Je ki tambayi kakarki, ai kakanta ne." Tsohuwar ƙofar ƙarshe kuma, wadda ta shekara biyu ba ta tashi daga shimfiɗa ba, ta shafa hoton da yatsa ta ce, "Tadun," sannan ta shiga labarin wata ɓauna da ta ɓata.

Rinai ba baƙuwa ba ce da za a ce ba ta san al'adar gidansu ba. Ta san a nan mutum ba ya tsufa da sunan da aka haife shi da shi. In ya haifi ɗan fari sai ya yi irau, ya tara jama'a ya ciyar da su, a tsayar da yaron a gaban taro a kira sunansa, uwa da uba su ɗauki sabon suna, kakanni ma su ɗauka. Ita kanta ta yi rabon abinci a irau biyu. Amma sanin wannan bai warware mata komai ba. Sunaye ukun nan na mutum ɗaya ne, ko kuwa tsofaffi uku ne kowa ya ga wanda ransa yake so ya gani? Babu biyun da suka faɗi abu ɗaya. Haka aka yi ta yi a sauran hotunan. Kwana uku tana bin ƙofa-ƙofa, littafinta ya cika da sunaye, takardar Turawa kuwa layi huɗu kawai aka cike.

Saura kakarta, Tepu Inan. A murhunta Rinai take kwana take tashi, amma tun da kwalin nan ya shigo ɗakin, duk sanda aka buɗe shi sai wani aiki ya taso wa tsohuwar a gona. Ranar Alhamis da safe Rinai ta tare ta tana naɗe tuwon shinkafa a ganye.

"Tepu, minti biyar kawai."

Ta ajiye wayar a tsakaninsu, ta ɗora hoton a kan tabarma. Tsohuwar ta goge hannu a zane. Ta kalli hoton, ta yi ta kallo, har itacen da ke murhu ya karye ya zube. Sannan ta kife shi, ta ɗora gorar gishiri a kai.

"Kashe abin nan."

"Tepu, don kada in manta ne."

"Ni ba na yi wa waya magana. Kin ci abinci?"

"Tepu Maga ta ce kakanki ne."

"To ai ta faɗa miki."

"Yarinyar fa?"

"Miƙo min ganyen can."

Nan Rinai ta fashe. "Haba Tepu! Shekara da shekaru baƙi na shan shayi a ƙarƙashin fuskar yarinyar nan. An mayar da ku ado kamar tukunyar fure, ku kuma ko a jikinku. Wanda na tambaya sai ya ce in ci abinci, ko in bari sai Disamba. In kuka tafi da sunayen nan a bakinku, wa za mu tambaya? Baturen?"

Tepu Inan ta ƙulle ganyen, ta jera shi a kwando tare da 'yan'uwansa. "A asibiti ne ake kiran mutum ɗaki shi kaɗai a yi masa tambayoyi," ta ce. "Ni lafiyata ƙalau."

Ta ɗauki malfarta ta fita. Ranar, da washegari, maganar da ta haɗa su ba ta wuce ta ruwa da itace ba.

Ranar Asabar tsohuwar ta aike ta saman rufi ta sauko mata da kayan zuwa coci. A ƙasan kwandon, naɗe cikin tsohon zane, hular duwatsun adon Tepu Inan take. Rinai ta sha ganinta a kan kakarta a kowane biki, ba ta taɓa kawo komai a ranta ba, don hoton baƙi da fari ne, huluna kuma a idon 'yar birni duk ɗaya suke. Yau dai ta tsaya ta duba. A gaban hular akwai wani dogon dutse mai ɓalli a gefe. Ƙananan farare uku a hagunsa, huɗu a damansa. Ta sauko da sauri, ta ɗauko gilashin ƙara girma, ta kifa a kan goshin yarinyar. Ga dogon dutsen, ga ɓallin. Uku a nan, huɗu a can.

Ta jawo takardar. Ta manta da dokar mutum biyu da ita ta kafa. A layi na ashirin da uku ta rubuta sunan da ke katin shaidar kakarta, sunanta na yarinta: Supang. Ashe kunya ce, ta faɗa a ranta. Kunyar a ga ta a bango babu riga.

Sauran hotunan fa? Ta nufi wurin Tama Pasang. Ya haɗa injin, yana ta jan igiya, injin ya ƙi tashi.

"Tama, tsarina bai yi ba," ta ce, maganar na yi mata nauyi. "Gobe bayan coci ina so in rataye su duka a tawa, kowa ya gani lokaci ɗaya."

Ya saki igiyar. "Shinkafa nawa kika tanada?"

"Shinkafa?"

"Za ki tara mutane su kira sunayen iyayensu da yunwa a ciki? A ina kika taɓa gani? Je ki ɗauki buhu ɗaya a rumbuna. Ki ce wa matan ƙofa ta uku su kamo kifi a gona, ni na ce. Zan sa a sanar a coci."

Ta tsaya tana kallonsa. "Tama, ka san haka ake yi, ka bar ni ina yawo ƙofa-ƙofa tun Litinin?"

"Ran Litinin ba tambayata kika yi ba, karanta min tsari kika yi."

"Kai kuma ka ce Disamba."

Ya sosa ƙeya. "To, nan kam kin kama ni."

Ranar Lahadi, kafin a fito daga coci, hotuna arba'in na lilo a kan igiyar shanya, daga ƙofar farko har ta goma sha tara. Aka shimfiɗa tabarmi, aka jere tuwon ganye da kifi da abarba. Har tsohuwar ƙofar ƙarshe aka ɗauko a kan shimfiɗarta aka jingina ta da ginshiƙi. Da farko mutane suna bin igiyar shiru, hannu a baya, kamar masu gaisuwar mutuwa. Sai wata mata ta ƙwala ihu: "Wannan kuben addar na gidanmu ne! Yana nan a rataye!" Shi ke nan, tawa ta ɗauki hayaniya.

Rinai ta lura tsofaffin ba fuska suke fara kallo ba. Suna kallon 'yan kunne, da saƙar kwandon goyo, da zanen da ke hannun mata, har da karen da ke kwance a gefe. Wani ya faɗi suna, wata ta ƙaryata, na uku ya kawo labarin da ya haɗa su. Tana rubutu har yatsunta suka sage.

A gaban hoto na ashirin da uku kuwa rigima ce ta kaure.

"Balang Riwat ne!" in ji Tepu Galih.

"Pun Sakai ne, kurma!" in ji Tepu Maga.

"Wa kike kira kurma? Ke da aka auro ki jiya-jiya?"

"Jiya-jiyan shekara sittin da biyu! Kai ina kake lokacin? Kana can kana shafa wa injinan mutane mai."

"Mutumin da ya murɗe min kunne a kan lemon bayan rumbu za ki koya min sunansa?"

Tepu Maga ta tsaya da lomarta a hannu. "Lemon bayan rumbu? Mai tsamin nan? Ai na Pun Sakai ne. Na sha tsinka ina da cikin fari."

"Mai tabo a gwiwa?"

"Inda ɓauna ta soke shi."

"Ɓaunar kakata ce," in ji wata siririyar murya daga gindin ginshiƙi. Tsohuwar ƙofar ƙarshe ce. "Ƙanenta ne. Har ta mutu Tadun take ce masa, wai ita ba ta ga irau ɗin da zai sa ta girmama ɗan da ta goya ba."

Aka kwashe da dariya. Mutum ɗaya ne. Tadun da ya zama Balang Riwat, ya zama Pun Sakai. Kowane tsoho guntu ɗaya yake riƙe da shi, Rinai kuwa ta kwana uku tana hana guntayen haɗuwa.

Daɗi ya ɗebe ta. Ta miƙe tsaye, ta ɗaga murya. "Yarinyar ma na gano ta!" Ta hangi kakarta zaune a bakin ƙofarsu, hular duwatsun na kanta kamar kowace ranar taro. Ta nuna hular, ta nuna hoton, ta ƙirga musu: dutse mai ɓalli, uku a hagu, huɗu a dama. "Supang ce. Kakata ce, Tepu Inan. Tepu, babu abin kunya a nan. Duniya ce ya kamata ta ji kunya."

Aka fara tafi.

"Ba ni ba ce," in ji Tepu Inan.

Ba ta ɗaga murya ba, amma tafin ya mutu. Ta dafa bango ta tashi, ta tako a hankali, ta cire hoton daga igiya. "Ke mai gilashi, duk kallon da kika yi, ba ki kalli gefe ba?"

Ta ɗora yatsa a can gefen hagu, inda hoton ya ƙare. Sama da kunnen yarinyar, wasu 'yan yatsu huɗu ƙanana sun riƙe bakin hular ta baya. Rinai ta kalli wurin nan ya fi sau ɗari, tana ɗauka inuwa ce.

"Wannan ce ni. Iyakar abin da ya ɗauka nawa ke nan."

Ta juya ta fuskanci jama'a, hoton a ƙirjinta. "Ina shekara takwas. Uwata ta ɗinka min riga da yadin laimar sojojin da suka diro nan lokacin yaƙi. Fara, mai santsi, babu mai irinta a gidan nan. Da aka ce za a ɗauki hoto na sa ta, ina ta taƙama. Baturen ya ce wa tafintansa rigar za ta ɓata masa hoto, in matsa gefe. Sai ya ga hular uwarmu, ya ce a ɗora wa ƙanwata. Hular na ta zamewa tana rufe mata ido, ita kuma tana ta dariya. Shi ne kakanmu ya ce in tsaya a gefe in riƙe mata."

Babu wanda ya motsa.

"Damina ta gaba tari ya shigo gidan nan, ya ɗauki yara shida. Da ita a ciki. Yaƙi ya sa ba a yi mana irau da wuri ba, babu shinkafar da za a ciyar da taro. Da aka tashi yi, shekara biyu bayan hoton nan, ni kaɗai aka tsayar. A nan, gaban ginshiƙin can. Aka kira sunana, kakanmu ya zama Pun Sakai. Ita ba a taɓa kiran nata a tawa ba. Ba ta haihu ba, ba ta shiga lissafin zuriya ba. Uwarmu ba ta iya faɗinsa, ni kuma na koya daga wurinta."

Ta dubi Rinai. Ba fushi a idonta. "Sau ɗaya nake da ƙarfin faɗinsa, jikata. Da na faɗa wa wayarki, da ya tafi ƙasar Turawa bai bi ta gidan nan ba."

Rinai ta zauna a inda take. Takardar na cinyarta.

Tepu Inan ta ja numfashi. "Sigang," ta ce. "Sunanta Sigang."

Sai Tepu Galih, wanda ya kafa hannu a bayan kunne don kada ya rasa ko kalma, ya buga cinya. "Sigang! 'Yar mai cizon nan! Ita ce ta tona ni ranar lemon! Na ce ta yi shiru zan ba ta biyu, ta karɓa ta kuma kira kakanta!"

Tepu Inan ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta. "Ita ce. Ni ma ta sha yi min."

Tama Pasang ya ajiye ganyen tuwonsa, ya goge hannu, ya miƙe. Ya je gaban ginshiƙin da tsohuwar ta nuna, ya tsaya yadda yake tsayawa a ranar irau in zai kira sababbin sunaye. Ya gyara murya.

"Sigang, jikar Pun Sakai, ƙanwar Supang!"

"Sigang!" gidan ya amsa, daga ƙofar farko har ta ƙarshe.

Sau uku ya kira, sau uku aka amsa. A na ukun har yaran da ke wasa a ƙarƙashin gida suka amsa, ba su san ko wace ce ba, suna jin daɗin ihun kawai.

Rinai ta soke sunan da ta rubuta jiya. Layin bai ishe ta ba. Ta rubuta a kansa, ta rubuta a ƙarƙashinsa, ta juya takardar ta ci gaba a baya. Kafin rana ta karkata, hoto talatin da ɗaya sun sami sunayensu, wasu suna biyu, wasu uku. Tara suka rage. An yi ta juya su, an yi ta gardama, babu wanda ya gane su. Da an yi taron nan bara, lokacin da tsofaffi ukun nan ke da rai, wataƙila da ba su kai tara ba. Ta faɗa wa Tama Pasang haka a gaban 'yan kwamitinsa, bai kuma musa ba. Ya ce a bar taran a kan igiya har Disamba, ko masu dawowa hutu za su zo da wani abu.

Litinin da sassafe ta hau babur zuwa filin jirgi, inda waya ke samun layi. Ta ɗauki hoton takardun gaba da baya ta tura, haɗe da wasiƙar da sai da ta sake rubuta ta sau uku kafin zafinta ya ragu yadda za a iya karantawa. Ta ce musu mutanenta ba sa shiga layi ɗaya. Ko a buga sunayen duka yadda suke, a jere, ko a faɗa wa masu karatu cewa takardar ce ta gaza.

A Disamba littafin ya iso Pa Lubun, a cikin jakar Rinai. Tepu Inan na zaune a bakin murhu, ta karɓe shi da hannu biyu. Ga yarinyar a bango, tana cije da leɓe. Rinai ta buɗe shafin farko ta karanta mata, tana fassarawa a hankali: "Sigang, mai shekara biyar, a cinyar kakanta Tadun, wanda ake kira Balang Riwat a lokacin, daga baya Pun Sakai. Hannun da ke riƙe da hular na yayarta ne, Supang, wadda yanzu ake kira Tepu Inan. Mutanen Pa Lubun ne suka ba da sunayen."

Tsohuwar ta ce a sake karantawa. Aka sake. Ta karɓi gilashin ƙara girman, ta kifa a gefen hoton, ta daɗe tana duba yatsu huɗun nan.

"Dubi farcen nan," ta ce. "Da na san littafi zan shiga, da na wanke hannu."

Ta tashi da littafin ta fita tawa tana kiran Maga da Galih su zo su gani. Rinai ta buɗe jakarta ta sake duba ɗan allon da ta sa aka rubuta mata a Miri, mai ɗauke da kalmomin nan na shafin farko, don a kafa a ƙarƙashin hoton otal. Jirgin Laraba za ta bi ta koma. Ta riga ta samo sunan manajan otal ɗin, ta kuma sayi ƙusoshi huɗu, don kada a ce mata a bari sai an nemo.